Littafin Kaka da Bakin da Na Rufe

Littafin da kakanmu na wajen uwa ya rubuta da hannunsa shafi ɗari da tamanin da shida ne. Yau ɗari da talatin suka rage. Sauran hamsin da shida ba gobara ce ta cinye su ba, ba kuma ɓarawo ya ɗauka ba. Ni na ɓatar da su, da layi ɗaya da na rubuta cikin kwamfuta tsakanin kiran sallar azahar da tayar da iƙama.

A lokacin ina aji biyu a makarantar koyon fasaha a Birnin Kebbi. Jihar ba ta cika shekara goma da kafuwa ba, ma'aikatu da yawa suna cikin gidajen haya, kuma wuraren da ke da kwamfuta a garin ana iya lissafa su da yatsu. Da aka tura mu aikin sanin makamar aiki na wata huɗu, abokan karatuna suka bazama ofisoshin gwamnati. Ni na je ƙofar ofis biyu, na tsaya, na kasa shiga. Daga ƙarshe na samu wuri a wani shago a unguwar Nasarawa inda ake buga wa mutane takardu.

Mai shagon mutum ne mai yawan raha. Ya yi shekaru yana aiki a Kaduna, ya dawo gida da kwamfuta biyu da sikana ɗaya, wato na'urar da ake kwantar da takarda bisa gilashinta, haske ya bi ta ƙarƙashi, hoton takardar ya shiga kwamfuta. Tun ranar farko ya sa mini suna Injiniya, saboda ya ga ina goge gilashin sau biyu kafin in ɗora takarda, in kuma sake gogewa bayan na ɗauke.

Damuwarsa ɗaya ce. Hotunan da sikanar ke fitarwa manya ne ƙwarai, rumbun kwamfutar kuwa ƙarami. Cikin kayan da ya zo da su akwai wani faifai mai ɗauke da abin da masu rubuta manhaja ke kira laburare: tarin umarni ne da wasu suka riga suka rubuta, wanda ya iya buɗe fayil ɗin hoto, ya karanta shi, ya matse shi, ya sake rubuta shi. Kai naka kawai ka kira shi cikin manhajarka ka ce ya yi kaza. Mai shago bai taɓa samun sukunin duba shi ba. Ni kuwa ba ni da abokin hira, sai na zauna da takardun bayaninsa mako uku. Na rubuta wata 'yar manhaja da ke ɗaukar hoton da sikana ta fitar, ta matse shi, ta ba shi lamba, ta ajiye shi a wani tsohon rumbu na biyu da mai shago ya ware don ajiya. Babban hoton na asali ba a barin sa, na gaba ne ke hawa kansa ya shafe shi.

Laburaren nan baki biyu gare shi. Idan ya gamu da abin da bai gane ba amma aiki zai iya ci gaba, sai ya yi gargaɗi. Idan ya gamu da abin da ya hana aikin yiwuwa ɗungurungum, sai ya sanar da kuskure. A kwamfutarmu dukansu iri ɗaya suke fitowa: ɗan akwatin rubutu ya faɗo tsakiyar allo da ƙara, ɗin, ya tsaya har sai ka danna. Sikanarmu tana da wata alama tata da take sakawa cikin kowane hoto, laburaren bai san alamar ba, don haka duk takardar da aka saka sai ya yi gargaɗi cewa ya ga abin da bai sani ba, ya tsallake. Ni ban damu ba. In danna, in wuce. Har na saba da ƙarar kamar yadda ake sabawa da kukan ƙofa.

Mahaifiyata, Inna, ita ta kai labarin sikanar Gulma, garinsu. Ta je suna, ta gaya wa yayanta cewa ɗanta yana aiki da na'urar da ke haɗiye takarda ta ajiye ta yadda ba ta tsufa. Yayan nata shi ne Kawu, manomin shinkafa, mai karantar da manya a zaure bayan la'asar, kuma shi ke riƙe da littafin mahaifinsu tun rasuwarsa. Bayan mako biyu ya iso gidanmu a unguwar Badariya da gafaka a rataye, ya naɗe ta cikin buhun shinkafa wankakke saboda an fara yayyafin farkon damina.

Littafin ba ɗinkakke ba ne. Warƙoƙi ne sake, ɗaya bisa ɗaya, tsakanin fatu biyu. Na sama suna da ƙwari, sun yi ja kawai. Na ƙasa gara ta shige su tun wata shekara da aka bar gafakar jingine da bango. In ka ɗaga ɗaya sai gefenta ya zubo kamar garin tuwo. Kawu ya shimfiɗa farin ƙyalle kafin ya buɗe, da ya gama ya tattara ɓurɓushin da ya zuba a kai cikin tafin hannunsa, ya rasa inda zai sa shi.

"Abin ga ɗai ka hana ni kwana," in ji shi. "Sunan Allah na zuba ƙasa, yara na takawa, kaji na tsattsaga. Shekara nawa ina ɗauke da alhakin ga."

Na ji maganar. Ban tsaya na yi tunanin inda za ta kai ba.

Washegari da hantsi muka je shago. Kawu ya tambaye ni ko ina da alwala, na ce ina da ita, ya ce in sake. Mai shago ya jawo masa kujera, ya share tebur da hannun rigarsa.

"Allah gafarta Malam, ka kawo aiki wurin da ya dace. Injiniyan ga naka, ko ƙuda ya sauka kan gilashi sai ya rubuta rahoto."

Kawu ya ɗora warƙar farko da hannunsa. Bai yarda a danne murfin ba, sai da na riƙe shi sama kaɗan da yatsa. Haske ya bi ta ƙarƙashi, ya koma. Sai ɗin, akwatin ya faɗo.

"Mi tac ce?"

Na duba rubutun Turancin da na gani sau ɗari, na juya shi yadda ya zo mini. "Ta ce ta ga wani abu da ba ta sani ba, Kawu."

Ya miƙo hannu. Na ba shi warƙar. Ya kai ta kusa da idonsa, ya bi ta da yatsa daga layin farko har na ƙarshe, leɓensa na motsi. Ya ɗauki lokaci mai tsawo. Can ya ce, "Ga shi. Ɗigon ga ya goge. Ta yi gaskiya."

Shafi na biyu, ɗin. Ya karɓa, ya bi, ya samo wani wasali da tawada ta ɗan malale. Na uku, ɗin. Wannan karon ya bi sau biyu bai samu komai ba, kuma rashin samun ya fi damun sa. Mahaifinsa mutum ne da aka sani da tsabtar rubutu. Daga Argungu ake aiko masa a kwafa wa mutane littattafai. Ga shi yau wani ƙarfe a Nasarawa yana tsayar da kowane shafi nasa yana cewa akwai magana.

Mai shago ya so ya sassauta. "Malam, ita haka take. Ko takardar gwamna anka sa mata sai ta yi tsegumi. Jiya takardar haihuwar ɗana ta tsegunta."

"Wanda bai ga komi ba, mi zai tsegunta?" in ji Kawu. "Ta ga wani abu. Idona na ya mutu, ba nata ba."

Amsar tana bakina. Abin da ta gani ba cikin rubutun kaka yake ba, alamar sikana ce, ko farar takarda aka saka haka za ta ce. Jimla biyu ne. Amma ban taɓa ce wa Kawu ba haka ba ne tunda aka haife ni, kuma da na shirya maganar a raina sai in ji ta yi kama da ina koya wa malami karatu a gaban baƙo. Na danna, muka wuce shafi na gaba. Zuwa shafi na goma sha biyu Kawu ya daina duban mai shago. Na ji yana cewa a hankali, ba da kowa ba, "Ko dai hannun Baba bai kai yadda munka ɗauka ba."

Aka kira azahar. Suka tashi, na ce su yi gaba ina zuwa.

Takardar bayanin laburaren ta faɗi yadda ake yi. Kowane baki yana da layinsa. Kana iya ba shi wani wuri da zai riƙa kai saƙonsa, ko ka ba shi babu, ya yi shiru. Na rubuta layin da ke rufe bakin gargaɗi. Wannan daidai ne, shi ya kamata in yi tun da daɗewa. Sai na tsaya ina kallon layin da ke ƙarƙashinsa a takardar, na kuskure. Na san bambancinsu sarai, ba zan ce ban sani ba. Abin da na tuna shi ne fuskar Kawu, da tunanin cewa in wani akwati dabam ya faɗo da la'asar, da wani rubutu dabam, zai sake cewa mi tac ce. Na ce a raina kwana uku ne kawai, in ya tafi sai in buɗe. Na rubuta layi na biyu, na haɗa manhajar, na ruga masallaci na samu raka'a ta biyu.

Akwai wani abu kuma da ban yi tunaninsa ba. Duk umarnin da ka ba laburaren, in ya gama yana mayar da wata lamba da ke nuna ya yiwu ko bai yiwu ba. Manhajata ba ta taɓa duban lambar nan ba. Ban ga amfanin dubawa ba, tunda akwatin yana faɗa mini. Yanzu na cire akwatin, ban sa komai a gurbinsa ba.

Da muka dawo, shafi na goma sha uku ya wuce shiru. Na goma sha huɗu ma haka. Kawu ya dube ni.

"Ta gamsu?"

"Ta gamsu, Kawu."

"To, alhamdu lillahi. Na san hannun Baba sai ya zamna kamin ya miƙe."

Kwana uku muka yi, kuma ban taɓa jin daɗin zama da wani babba kamar kwanakin nan ba. Shi ke ɗorawa, shi ke ɗaukewa, ni ina riƙe murfi. Yana ba ni labarin kowane sashe. Na farko, mafi yawa, littafin fiƙihu ne da kaka ya kwafa wurin malaminsa a Argungu yana saurayi, irin wanda yanzu ake samun bugaggensa a kasuwa. Na ƙarshe, wanda gara ta ci, shi ne nasa na kansa, da ajami: shekarun da gulbi ya yi ambaliya da inda ruwa ya tsaya kowace shekara, irin shinkafar da ta karɓi kowace fadama, waƙoƙin taurari da lokacin shuka, sunayen kakanni, da ranar haihuwar kowane ɗa nasa. A wannan sashen mukan yi minti goma kan warƙa ɗaya, saboda sai Kawu ya jera gutsattsarin gefe bisa gilashi da tsinken tsintsiya kafin in danna.

Ranar ƙarshe na buɗe jerin fayilolin. Lamba ɗaya har zuwa ɗari da tamanin da shida, babu tsallake. Na ƙirga daga sama, na ƙirga daga ƙasa. Na buɗe biyar na farko na faɗaɗa su har harafi ɗaya ya kai girman ɗan yatsa. Kawu ya matso da kujera. Shekaru ke nan bai ga rubutun mahaifinsa ba sai dishi-dishi. Ya kai hannu ya taɓa allon, ya janye, ya goge idonsa da bakin rawani.

"Duka sun shiga?"

"Duka, Kawu."

"Har na ƙasan ga, masu ciwo?"

"Har su."

"Ka tabbata, ɗana?"

"Na ƙirga sau biyu."

Mai shago ya ce, "Malam, in Injiniya ya ce sau biyu, to sau huɗu ne, kunya ta sa ya rage."

Aka yi dariya. A makon muka kwashe su zuwa faifai. Kwafar ta ƙare da wuri, har mai shago ya ce yau kwamfuta ta ci abinci ta ƙoshi. Na ji daɗin maganar. Bakin da na ce zan buɗe kuwa ban buɗe ba. Aikin ajiya ba kullum ake kawo shi ba, kuma shirun ya yi mini daɗi.

Bayan mako shida, damina ta zauna sosai, Inna ta ce in bugo mata shafin da aka rubuta haihuwarta. Ta ce ba ta taɓa sanin ranar ba, mahaifinta ya rubuta amma ba a nuna wa 'ya'ya mata littafi a lokacin. Na tuna yana wajen ɗari da saba'in. Na danna shi. Manhajar duba hoto ta ce ba za ta iya buɗewa ba. Na danna na gabansa, haka. Na riƙa komawa baya ɗaya bayan ɗaya, har sai da na kai ɗari da ashirin da ɗaya kafin rubutun kaka ya bayyana. Daga ɗari da ashirin da biyu zuwa ƙarshe suna ne kawai, cikinsu babu komai. Na duba faifan, shi ma abin da aka ba shi ya kwafa. Na duba tsohon rumbun. A cike yake maƙil.

Na buɗe manhajar na goge layin nan na biyu. Na ɗauki wata takardar banza daga kwandon shara na ɗora. Haske bai gama komawa ba, ɗin. Kuskure: an kasa rubutawa, babu wuri. Sau sittin da biyar laburaren ya so faɗin wannan a kwanakin da Kawu ke jera gutsattsari da tsinke, ba wanda ya bari a ji.

Mai shago ya zo ya tsaya bayana ya karanta. Bai yi wasa ba wannan karon. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba mutuwa aka yi ba. Ka je ka ba Malam haƙuri, a dawo da takardun a sake. Gilashi na nan, kai ma kana nan."

Ni ma haka na ɗauka, kunya ce kawai zan sha. Da yamma na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifayi. Na ce mata ina so Kawu ya sake kawo warƙoƙin ƙasa, akwai gyara.

"Waɗanne? Masu gara?" Ba ta ɗago ba. "Ai ya binne su. Tun Juma'ar da ya koma. Ya naɗe su cikin farin ƙyalle ya sa su bayan masallaci. Ya ce tunda ka tabbatar mishi sun shiga, gara ya sauke nauyin. Masu lafiyar ya ajiye."

Haka ake yi da takarda mai sunan Allah idan ta mutu. Ba a jefar da ita, ba a bari ta wulaƙanta, binne ta ake yi a wuri mai tsarki. Na san wannan tun ina ƙarami. Kawu ma ya faɗa mini damuwarsa a wannan tsakar gidan.

Na durƙusa na gaya mata komai. Ta saurara har na gama, hannunta bai daina tsintar ba, sai dai na lura ƙwayar kirki take jefarwa tana barin tsakuwa. Ta ce, "Kai za ka gaya mishi. Ba ni ba."

Kwana tara na yi ban je ba. Kullum in shirya, in samu dalili. Rana ta goma na shiga mota zuwa Argungu, daga can na hau ta Gulma. Fadama ta cika, shinkafa ta yi kore har inda ido ya tsaya. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi karatu, ya tambayi mai shago mai ban dariya. Da gaisuwa ta ƙare ban da sauran wurin ɓuya, sai na faɗa, idona a kan tabarma.

Ya ajiye fartanyar.

"Ba kac ce ka ƙirga ba?"

"Sunayen na ƙirga, Kawu. Ban buɗe su ba."

"Ita ba ta hwaɗa maka ba? Wadda ko ɗigo ba ta bari?"

"Ta faɗa. Ni na rufe mata baki tun ranar farko, kuna masallaci." Sai sauran ya fito, abin da ya kamata in faɗa tun a shago: cewa tsegumin farko ba da rubutun kaka take ba, alamar na'ura ce, babu aibi ko ɗaya a hannunsa.

"To don mi ba ka hwaɗi haka ba?"

"Na ji nauyi. Kuma na ga ranka yana ɓaci."

Ya mai da idonsa kan fartanyar. A waje wata mata tana kiran awaki. Da ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi.

"Da ka bar shi ya ɓaci, ɗana. Da ya ɓaci ranar nan, da yanzu ya gyaru."

Na ce ko za a tona. Ya tashi ya sa takalmi, na bi shi. Bayan masallaci akwai wani lungu tsakanin bango da dalbejiya, nan indararo ke zubo da ruwan rufi. Ciyawa ta rufe wurin, ƙasar ta yi laushi har takalmina ya nutse. Ya nuna da haɓa.

"Mako bakwai ruwa na sauka nan. Takardar da ko iska ba ta iya ɗauka. Mi za ka tono? Kuma abin da nis sa da bisimilla ba ni tono shi."

Muka koma zaure. Na zaci sallama ta rage. Sai ya shiga gida ya fito da gafakar, ya zaro warƙar ƙarshe cikin waɗanda ya ajiye, mai shafi na ɗari da talatin, ya miƙo mini. Rabin shafin ƙarshen fiƙihu ne, rabin kuma farkon rubutun kaka na kansa. Ya ce in duba can ƙasa, kusurwar hagu. Masu rubutun da, da yake warƙoƙinsu sake ne, sukan sa kalmar farko ta warƙar gaba a gindin wadda ta ƙare, don kada jeri ya rikice.

"Mi yar rubuta nan?"

"Gulbi."

Ya rufe ido. "Gulbi ya kawo har gindin tsamiyar kasuwa, shekarar da anka yi hwari biyu." Ya buɗe ido. "Kana da takarda?"

Ina da littafin rubutu na makaranta a jaka. Na yage shafukan da na yi amfani da su.

Daga ranar, duk Asabar ina Gulma, har na koma makaranta, har na gama. Yana faɗa ina rubutawa. Waƙoƙin taurari ya kawo su kusan duka, domin yakan rera su a gona. Shekarun ambaliya ya tuna wasu, jerinsu ya rikice masa. Kakanni ya kai biyar, ya ce Baba ya kai tara. Inda yake shakka sai ya ce in sa alama a gefe, kada wani ya zo ya ɗauka tabbas ne. Inda ya ɓace masa gaba ɗaya sai ya ce in bar fili daidai yawan abin da ya ɓace. Haihuwar Inna abin da ya iya tunawa shi ne ana yankan shinkafa, kuma an yi hazo da safe. Rana da wata sun tafi. Da na karanta mata, ta ce to, ta tashi ta shiga ɗaki.

Bai taɓa sake tayar da maganar laifina ba, ko sau ɗaya. Wani lokaci ma yakan tsokane ni, in na tambaye shi ya maimaita, ya ce, "Yau bakin buɗe yake?" Na yi aiki da kwamfuta shekaru da yawa bayan nan. Gargaɗi nakan tura shi wani fayil in karanta daga baya, kuskure kuwa ina barin sa ya tsayar da komai, ko gaban wa ake, kuma ba na cewa abu ya shiga sai na buɗe na ƙarshe. Abokan aiki suna ganin tsanani ne. Ban taɓa ba su labarin ba.

Asabar ɗin da muka kai ƙarshe, rani ne, an gama sussuka. Idonsa ya ƙara rauni, sai an jawo shi zuwa zaure. Muka gama sunayen gonaki, na ce ko shi ke nan. Ya ce saura warƙa biyu, shafi huɗu. Na gyara alƙalami.

Bai fara ba. Ya ce waƙa ce da Baba ya yi lokacin da mahaifiyarsu ta rasu, Inna tana goye. Ya ce shi yana da shekara goma sha ɗaya, yana tuna Baba zaune a wannan zauren yana rubuta ta, ba ya cin abinci. Da littafin ya dawo hannunsa ya buɗe ta sau ɗaya, ya karanta baiti biyu, ya rufe. Kowace shekara yakan ce bana zai karanta, har ido ya tafi.

"Ranar da nig ga haruhwan ga manya cikin gilashinku, nic ce to, lokaci ya yi. In an gama aikin gona in taho Birni, ka buɗe mani ita, in karanta da idona ni ɗai." Ya yi murmushi kaɗan. "Ban hwaɗa ma kowa ba."

Na ce ko baitin biyun nan yana tunawa. Ya gwada. Ya kawo rabin na farko, ya tsaya, ya sake daga farko, ya tsaya a wuri ɗaya. Na rubuta rabin. Ya ce in karanta masa, na karanta. Ya girgiza kai, ya ce bai tabbata ba ko haka take, in sa alama a gefe.

"Sauran ka bar shafi huɗu," in ji shi. "Ka ƙirga su da kyau."

Na ƙirga huɗu na bar su fari, na rufe littafin. Ya ce in tashi kada motar Argungu ta tafi ta bar ni. Damina biyu bayan nan ya rasu.